Baba Ya Tsaya Mata

Nusaiba na tsaka da rubuta manhajar gwaji, matar da ke yi mata tambayoyi daga Legas na kallonta ta kwamfuta, sai ta ji ƙamshin turaren babanta a bayanta.

Wannan ne zama na ƙarshe kafin kamfanin da take neman aiki a cikinsa ya zaɓi injiniya, kuma sharaɗinsu a fili yake: kada kowa ya shigo ɗakin, don kada a ce an taya ta. Tun da safe suka baro Tsafe zuwa gidan gwaggonta a Tudun Wada, inda akwai wutar sola da sabis ɗin intanet mai ƙarfi. Ta roƙi baban, Malam Lawali, ya zauna a zaure. Ya ce to. Amma duk wanda ya san Malam Lawali ya san "to" ɗinsa ba ta nisa.

Ba kuma za a ga laifinsa ba. Yayanta Faruk ya ci jarrabawar neman aiki har ya gaji, kullum sunan ɗan wani ke fitowa. Yanzu cajin waya yake yi a tasha. Duk ofishin da tsohon ya je, magana ɗaya ce: "Ba ku da wanda zai tsaya muku."

Ya cire hula, ya durƙusa gefen kujerarta, ya leƙa allon.

"Hajiya, barka da aiki. Ni ne uban yarinyar ga. Ba mu san kowa ba can sama, shi ya sa ni taho da kaina. Ɗiyata ba ta ƙarya, ba ta ƙyuya. Ki duba mana, don Allah."

"Baba, don girman Allah ka fita," in ji Nusaiba.

Matar ba ta jin Hausa. Ta dubi tsohon, ta dubi yarinyar, ta yi murmushin da ya fi faɗa ciwo. Cikin Turanci ta ce ta yi haƙuri, doka ce, dole a tsaya nan. Allon ya yi duhu.

* * *

"Mi ta ce?" in ji tsohon, idonsa na ƙyalli. "Na ga ta yi dariya."

Nusaiba ta buɗe baki. Haushi ya taso mata har wuya, amma da ta ga ƙurar tabarma a gwiwoyinsa, mutumin da bai taɓa durƙusa wa kowa ba sai Mahaliccinsa, sai tausayi ya danne haushin. Ta sa hannu ta kaɗe masa.

"Ta ce tana gaishe ka, Baba."

"Alhamdu lillahi! Ai na hwaɗa miki, mutane sai da ido."

A motar komawa Tsafe ya sayi rake, ya ɓare mata da kansa yana miƙa mata gaɓa-gaɓa, yana gaya wa fasinjoji ɗiyarsa ta kusa fara aiki. Suna ta yi mata barka. Ita kuwa ta juya fuska wajen taga tana tauna, ta kasa haɗiyewa.