Shinkafa a Bayan Zana

Tun farkon zangon karatu Malama Adila ta kafe a kan magana ɗaya: ɗaliban firamaren Tudun Kanya, can gefen fadamar Kirikasamma, sun gama cin biskit ɗin da mota ke kawowa daga birni. Ga shinkafar rani a bayan makaranta, ga masunta na bandar tarwaɗa a bakin kogi, ga alayyahu da tattasai a lambun kowa. Ta yi ta zarya a kan babur tsakanin ƙauyen da ofishin ilimi, har aka gaji da ganinta aka ce ta gwada dafa wa yaran abincin gida.

Inna Larai aka ba girkin. Dafa-dukarta tun daga masallaci ake jin ƙamshinta. 'Ya'yan manoma da na masunta suka riƙa suɗe kwano har da lasar yatsu. Amma yaran rugagen Fulani, waɗanda su ne kusan rabin makarantar, sai su zauna a gindin kanya su sunkuyar da kai, abinci ya huce a gabansu.

"Malama, biskit dai ko ɓurɓushi ba ya saura," in ji hedimasta, Malam Nu'uman. "Ranar Laraba Alhaji Abdulwahid zai zo daga ofis. In ya ga kwanukan nan a cike, an gama maganar tukunya."

Ba abin da Adila ba ta gwada ba. Ta sa an rage yaji. Ta sa an zuba man shanu. Kullum tana tsaye a kansu da ludayi, tana lallashi. "Hafsat, ci mana, ko loma ɗaya." Hafsat, 'yar aji huɗu mai kitson doka, sai ta ƙara dunƙulewa. Abokan aiki suka laƙaba wa Adila suna Malama Dafa-duka. Ta ce ta karɓa, a rubuta mata a ƙofar aji in ana so.

Ranar Litinin, ana gama rabo sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yara suka kwashi kwanuka suka shige aji, malamai suka fake a ofis, ita kuma ta ruga taya Inna Larai rufe itace. Da ta dawo a jiƙe, ta tarar da kwanon Hafsat wayam, yarinyar na goge baki da gefen hijabi. Suna haɗa ido, Hafsat ta juya fuska bango.

Nan take Adila ta tuna kakarta ta cikin garin Haɗeja, Bafillatanar da ta rene ta, wadda har ta rasu Adila ba ta taɓa ganin ta kai loma baki a gaban mutane ba. Fulako ne, kunyar cin abinci a idon manya. Biskit aljihu yake shiga, a ci shi a hanyar gida inda ba mai kallo. Dariya ta kama ta har sai da ta dafa ƙofa.

"Lafiya, 'yar nan?" Inna Larai, da ta biyo ta, ta tambaya.

"Inna, girkinki ba shi da laifi. Idona ne ya yi yawa."

Washegari ta bi gida-gida aron zana. Kafin la'asar an kafa shinge biyu a bayan aji, ɗaya na mata, ɗaya na maza.

Alhaji Abdulwahid ya iso ranar Laraba ana tsakiyar rabo, waya a hannu, yana son hoton yara na cin abinci. Ya duba gindin kanya, ya ga rabin ɗalibai kawai.

"Ina sauran?"

"Suna ci, ranka ya daɗe."

Ya nufi zanar. Adila ta riga shi, ta tsaya a ƙofar.

"Ba a shiga."

Malam Nu'uman ya cire hula ya share gumi. "Malama, Alhaji ne fa."

"Na gane shi, Malam. Ko ni ba na shiga."

"To yaya zan san sun ci?" in ji Alhaji.

"Kwano zai faɗa maka. Kafin nan, ga naka."

Inna Larai ta miƙa masa kwano, da kan tarwaɗa a sama. Ya zauna a benci, ya yi bisimilla, ya ɗago kai. Malamai duka sun zuba masa ido. Hannunsa ya tsaya a hanya.

"Haka za ku tsaya a kaina?"

"Ci mana, ranka ya daɗe," in ji Adila. "Ko loma ɗaya."

Alhaji ya dube ta, ya dubi zanar, sai ya fashe da dariya. Ya juya musu baya ya fuskanci fadama, ya ci abinsa.

Can sai kwanuka suka fara fitowa ta ƙarƙashin zana, ɗaya bayan ɗaya, ba ko ƙwayar shinkafa. Wani siririn hannu ya turo na ƙarshe, muryar Hafsat ta biyo shi ƙasa-ƙasa.

"Inna, akwai ƙanzo?"

"Akwai, 'yar gidana, miƙo."

Alhaji ya ɗauki hoton tulin kwanukan. Ya ce wa hedimasta a sanar da mai motar biskit ya huta, a kuma sayo zana ta makaranta a mayar wa mutane da tasu. Sannan ya miƙa wa Inna Larai kwanonsa ba tare da ya waiwayo ba.

"In ƙanzon ya ragu," in ji shi.