Tuwon Kucheri da Sikelin Gusau

Tun da aka shigo da sikeli cikin harkar dambe a Gusau, aka raba 'yan wasa aji uku, ƙanana da matsakaita da manya, babu wanda ya daɗe da kambun matsakaita kamar Labbo na Bungudu. Mahauci ne ɗan mahauci, gajere mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Duk wanda aka sa masa a gaba sai ya kai shi ƙasa, abin da 'yan dambe ke kira kisa. Da kaka ta yi, aka kai hatsi gida, sai ya zama a tasha da kasuwa babu gardamar da ake yi sai ta wanda za a haɗa shi da shi.

Alhaji Abdulaziz ne mai shirya wasan. Sana'arsa sayar da hatsi, kuma sikelin da yake auna buhunan masara da shi ake auna 'yan dambe. A rumfarsa aka zauna ran nan bayan azahar, kowa da ɗan damben da ya zo da shi a baki.

Wasu suka ce a kawo Faruk na Magami, tunda bahago ne, Labbo bai saba da mai bugu da hagu ba. Malam Abdullahi, tsohon ɗan damben da ya koya wa Labbo ɗaure hannu da zare, ya ce kada a ƙara ambaton Faruk, domin shi ma yaronsa ne, kuma yaran ubangida ɗaya ba sa dambe da juna. Wani ya ambaci Dogon Damba, aka tuntsire da dariya, saboda karon ƙarshe da suka yi Labbo ya kashe shi tun makaɗa ba su gama gyara kalangu ba. Wani ya ce a ɗauko baƙo daga Sakkwato. Alhaji ya ce mutane ba za su cika fili don kallon wanda ba su san uwarsa da ubansa ba.

Ibrahim direba, mai jigila tsakanin Tsafe da Gusau, ya bari sai da bakin kowa ya mutu, sannan ya ce ga Bashar na Kucheri.

Wani mutumin Bungudu ya ce, "Wane Bashar? Wanga mai dakon buhu ranar kasuwar Tsafe?"

"Shi fa," in ji Ibrahim. "Buhun da shika ɗauka ya fi Labbonku nauyi, kuma ban taɓa ganin buhu ya kai shi ƙasa ba."

Bashar ya haura shekara talatin. Maraya ne, ƙanwar ubansa Gwaggo Delu ta raine shi. Ya yi damben ƙauye har ya gaji, ya kashe na kashewa, amma bai taɓa shiga babban filin Gusau ba. Duk shekara sai a ambaci sunansa a tsallake. Ya riga ya yi wa Gwaggo alkawari cewa daga wannan kaka ya kwance zare ke nan har abada, ya kama noma da dako. Saboda haka in bai kara da Labbo bana ba, ba zai taɓa karawa da shi ba.

Malam Abdullahi ya ce ya taɓa ganin yaron, yana da ƙafa, ba ya tsoron hannu. Wannan shaida ta kashe gardamar. Alhaji ya aika Ibrahim ya ɗauko shi. Aka ɗora shi a sikeli, allura ta tsaya dab da jan layin da aka shata wa matsakaita.

Alhaji ya nuna masa da yatsa. "Ka ga inda ta tsaya. Ranar awo in ta wuce jan layin ga, babu kai babu Labbo, wani zan sa. Ka ji ni?"

Bashar ya ce ya ji. Ya koma Kucheri yana murmushi shi kaɗai a bayan mota.

Mutanenmu suna da wani hali, kuma gara a faɗe shi: ba su iya nuna ƙauna ba sai ta hanyar ciki. Tun zamanin kakanni, in ɗan damben gari zai fita babban wasa, gari ne ke ciyar da shi, don ƙarfinsa na kowa ne. A wancan lokaci babu sikeli, ƙato ya kara da siriri, wanda ya faɗi ya faɗi. Kucheri ba ta manta wannan al'ada ba, kuma babu wanda ya tsaya ya tambaya ko har yanzu tana da amfani.

Tun da safe gidan mai unguwa ya aiko da hoce da man shanu. Kafin hantsi matan Fulani sun kawo nono mai kauri, an dama fura. Da rana tuwon dawa ya fito daga gidaje daban-daban, kowace miya mai yana yawo a kanta. Mahautan gari suka riƙa ware masa ƙirji da hanta. Ita kuwa Gwaggo Delu ta ɗauki abin a matsayin gasa, ta rantse babu matar da za ta fi ta ciyar da ɗan da ta raina.

Bashar ya yi mata bayanin jan layi. Ta saurare shi har ya gama, ta tura masa kwano gabansa.

"Sikeli na masara ne, ɗan nan, kai ɗan mutum ne. Ubanka da zai yi dambe akushi guda shika tashi da shi. Ci."

Ya gwada dabaru. Ya riƙa fita gudu bayan sallar asuba har gindin duwatsu, amma in ya dawo sai ya tarar an ce ya sha wahala, an ninka masa furar. Ya gwada raba abincin ga maƙwabta, sai dattawan da suka aiko suka fara biyo kwanonsu, su zauna a tabarma suna kallonsa har ya suɗe. Mutumin da ba ya tsoron hannun Labbo ya kasa duban tsoho ya ce na ƙoshi. Wannan ba ladabi ba ne, rauni ne, ko da yake a garinmu da sunan ladabi ake kiransa.

Ibrahim direba kuma bai taimaka ba. Kullum ya sauke fasinja a Gusau sai ya tsaya yana ba da labari cewa wuyan Bashar ya zama na bijimi, Kucheri gaba ɗaya ta koma yi masa girki, Labbo ya fara neman wurin faɗuwa mai laushi. Labarin ya hau motocin Bungudu ya tafi. Mutanen Bungudu ba su mayar da magana ba, abin da bai saba faruwa ba.

Ranar awo, ana gobe wasa, rumfar Alhaji ta cika har bakin hanya. Gwaggo Delu ma ta biyo motar Ibrahim, da kwano a ɗaure cikin ɗankwali, wai kada yaro ya wuni da yunwa a birni. Bashar ya hau sikeli. Allura ta wuce jan layi ba ta ko waiwaya ba. Ya cire riga da takalmi, ya sake hawa. Ya cire hula, ya fitar da numfashi, ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar hakan zai rage wani abu. Allura ta ƙi komawa.

Mutanen Bungudu suka samu abin da suke so. Ɗaya ya ce a kai shi kara, wurin sayar da shanu, ranar kasuwa, zai yi daraja. Wani ya ce doka doka ce, a sallame shi. Nan take tsohuwar gardama ta dawo sabuwa: mutanen Damba suka fara kiran sunan Dogonsu, wasu na cewa ko a roƙi Malam Abdullahi ya yarda da Faruk sau ɗaya. Bashar ya koma gefe ya zauna a kan buhu, rigarsa a hannu.

Gwaggo Delu ta dube shi, ta gane abin da girkinta ya yi. Ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta juya tana ƙare wa taron kallo, har idonta ya sauka a kan Labbo, wanda ya raɓe can baya cikin wata babbar riga a wannan zafin.

Ta ce, "Alhaji, shi wancan mai rigar ba a auna shi? Ko sikelin naka 'yan Kucheri kaɗai ya sani?"

Malam Abdullahi ya yi saurin cewa ai Labbo bai taɓa wuce layi ba, kada a ɓata wa mutane lokaci. Saurin nan nasa ne ya sa Alhaji ya ɗaga kai. Ya ce ƙa'ida a auna duka biyun, Labbo ya matso. Labbo ya taho a hankali, ya tuɓe rigar. Ko kafin ya hau, mutane sun ga cikin da ba su san shi da shi ba. Allura ta wuce jan layi, ta wuce inda ta Bashar ta tsaya, ta ƙara gaba.

Dariya ta ɓarke a rumfar, har 'yan dako suna riƙe ciki suna jingina da buhuna. Labbo ya sosa ƙeya.

"Inna Luba ce," in ji shi, yana nufin mahaifiyarsa. "Ta ji an ce Kucheri na kiwon nasu, ta ce ba da ita za a yi wanga abin kunya ba. Unguwa duk ta taya ta." Ya juya wajen Gwaggo Delu. "Gwaggo, ke kin sani, mi zan ce mata?"

"Babu abin da za ka ce, ɗana," in ji ta. "Ta kyauta."

Alhaji ya jira dariya ta lafa, ya ce to ga yadda abin yake: in ya sallami Bashar don nauyi, dole ya karɓe kambu daga hannun Labbo don nauyi. Mutanen Bungudu da ɗazu suke cewa doka doka ce, su ne suka fara cewa ai ana sassauci, ɗan Adam ajizi ne. Haka mutane suke da doka, suna son ta muddin a wuyan wani take.

Hukuncin da ya yanke shi ne a ɗaga wasa zuwa makon sama, kuma daga Labbo har Bashar babu mai komawa garinsu. Za su zauna a Gusau, su riƙa loda masa buhuna a mota daga safe zuwa yamma, abincinsu kuma a hannun Malam Abdullahi yake, shi zai auna musu.

Kucheri da Bungudu ba su daina aiko da abinci ba. Kullum kwanoni na isowa ta motar Ibrahim da motocin Bungudu, ana tare su a bakin rumfa, 'yan dako su zauna su cinye a gaban masu shi. Har suka riƙa roƙon Alhaji ya ƙara ɗaga wasan zuwa bayan salla. Labbo da Bashar kuwa suna ta dako gefe da gefe, kowa na kallon yadda ɗan'uwansa ke ɗaga buhu, yana lissafin hannunsa.

Da aka sake awo, allura ta tsaya ƙasa da jan layi ga duka biyun. Bashar ya sauko daga sikeli ya yi hamdala a fili.

An fara wasan da wuri bayan la'asar, don mutanen nesa su isa gida da sauran rana. Fili ya cika, kalangu na tashi. Dambe turmi uku ake yi, wato zagaye uku. A na farko suka auna juna. A na biyu Labbo ya sami Bashar da wani bugu a muƙamuƙi wanda ya sha kai ƙarti ƙasa. Gwiwoyin Bashar suka lanƙwashe, mutanen Bungudu suka miƙe tsaye, amma bai dafa ƙasa ba, ya miƙe ya gyara tsayuwa. A na uku shi ya riƙa bin Labbo har gefen fili, sai da alƙali ya shiga tsakani. Aka tashi babu kisa. Kambu ya zauna a hannun Labbo, amma tun da ya karɓe shi ba a taɓa samun wanda ya gama turmi uku da shi a tsaye ba sai ran nan.

Mutanen Kucheri suka so ɗaukar Bashar a kafaɗa, ya ce su dakata. Ya nufi inda Gwaggo Delu ke tsaye a bakin fili, ya kwance zaren hannunsa, ya naɗe shi ya miƙa mata. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane, sannan ta kwance ɗankwalin da ke kan kwano. Tuwon dawa ne da miyar kuka, man shanu ya rufe shi. Yana cikin wanke hannu sai ga Labbo ya tsuguna kusa da shi, leɓensa a kumbure, ya ce ko da saura.

Suna ci, Ibrahim direba ya matso ya ce wa Gwaggo yau dai ta ga amfanin sikeli, tunda da tumbin nan ya shiga fili da bai kai turmi na biyu ba.

Ta harare shi. "Kai dai tuƙi ka iya. Da an bar ni na gama ciyar da shi, da tun turmin farko ya kashe wanga yaro." Ta ƙara tura kwanon gaban Labbo. "Ci, ɗana, duk kun rame."