Ƙaryar Digiri Goma

Shekara bakwai ke nan Injiniya yana jinyar Tsohuwa. Haka ma'aikatan kamfanin biskit suke kiran manhajar da ke tafiyar da tanderunsu, kuma duk ginin shi kaɗai ya san yadda ake lallaɓa ta in ta yi fushi. Saboda ita aka hana shi komawa reshen da ke garin iyalinsa. Manaja dai ya yi masa alkawari: ranar da sabuwar manhaja ta kama aiki, ya tattara nasa-ya-nasa ya tafi.

Tsohuwa maƙaryaciya ce, kowa ya sani. In ta nuna zafi ɗari da saba'in, to ɗari da tamanin ne. Masu gashi sun daɗe da yin sulhu da ita, duk lambar da aka ba su sai su rage goma kafin su danna.

Ranar gwajin sabuwar manhaja, Injiniya ya yi bayani har muryarsa ta dishe: sabuwa ba ta ƙarya, kada kowa ya rage komai. Kowa ya gyaɗa kai. Kafin a tashi cin abincin rana, biskit kwali ɗari huɗu ya fito fari fat, cikinsa ɗanye.

Shugaban masu gashi ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na aro. "Wallahi na ji ka, Injiniya. Yatsan ne bai ji ba."

A ofis Injiniya ya roƙi Manaja. "Ranka ya daɗe, a ba su mako biyu, za su saba."

"Wa zai ci ɗanyen biskit na mako biyu? Waccan mun san ƙaryarta. Mayar mana da ita."

"Tafiyata fa?"

Manaja ya hau gyara takardun da ba su nemi gyara ba. "Kai ma ka sani, ba mai iya mata sai kai."

Ya koma ɗan ɗakinsa marar taga. Ya mayar da Tsohuwa, ta tashi garau, ko tari ba ta yi ba. Sannan ya kira matarsa.

"Abban yara, kana nan tafe Asabar ɗin dai ko?"

Ya fara kame-kame. Ta gane.

"Ni kam na gaji da ba su haƙuri. Ga Auta nan, faɗa mata da bakinka."

Ya ji ɗan ƙaramin numfashi a wayar, yana jiransa.