Nene da Mai Binciken Sanƙarau

Nene ce ke wankan gawar mata a unguwarsu a Gure. A bazarar 1996 sanƙarau ya hana ta zama, har wata rana ta shiga gida huɗu kafin la'asar.

Sai da annobar ta lafa sannan wani mai bincike, Sufiyanu, da ake ce wa Mushe, wato malam da Faransanci, ya iso daga Yamai. Ya tara dattawa maza da mata a zauren mai unguwa, ya ce binciken shekara uku ya nuna masa ciwon yana tashi idan iska ta bushe, yana kwanciya da ruwan farko.

Nene ta dube shi daga takalmi har tabarau, ta ja tsaki.

"Ɗana, a kan wannan ka ɓata shekara uku? Ai ruwa na sauka nake daina ganin gawa mai sanƙararren wuya."

"Iya, sai da hujja manya ke turo allura da wuri."

"To ina allurar?"

Ya ce wannan aikin wani biro ne, ba ofishinsu ba. Sannan ya buɗe littafi, ya roƙe ta ta faɗi waɗanda suka rasu mako-mako.

Ta fara kiran su da sunayensu, har da jikarta Hafsatu. Da ta lura lambobi kawai yake rubutawa, sai ta ja mayafi ta miƙe. Ya bi ta har ƙofa yana cewa saura mamatan mako biyu ba ta faɗa ba, amma ko waiwaye ba ta yi ba.