Haɗin Taryar Alhaji

Matata Mairama ba ta ganin girki a waya ta bar shi ya wuce. Turancinta bai taka kara ya karya ba, amma idonta ba ya mantuwa. Da aka ce mahaifinta, limami a Liba, zai biyo ta gidanmu a Jega bayan saukarsa daga Makka, sai ta ce zoɓo ya yi kaɗan. Ta ga wata Baturiya tana haɗa lemon zaƙi da abarba da na'ana'a da ƙanƙara, sannan ta tsiyaya wani abu mai ruwan zuma daga kwalba, wai shi sheri. Mairama ta ɗauka ruwan inabi ne irin na kwali. Ta tura wa yayanta Waliyyu hoton kwalbar, shi da ke kai albasar Aliero Legas. Ya nuna a kanti, aka naɗe masa, ya kawo.

Ranar, bayan azahar, Alhaji na zaure da 'yan rakiya huɗu. Na shiga ciki na tarar tana murza na'ana'a da bayan cokali, sai murmushi take.

"Baban Amira, ɗanɗana ka ji ko sukari ya yi."

Kurɓa ɗaya na yi. Ɗacin nan da ke laɓe bayan zaƙi, ɗumin da ke sauka a ƙirji, ban manta su ba. Shekara uku na yi a Legas kafin aure, kowa ya san ɗinki na je koyo. Na koyi ɗinkin, na kuma koyi abin da ba a aike ni ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma a kan wannan shirun limami ya ba ni 'yarsa.

Sai ga ni ina yi wa kaina fatawar banza: ai kaɗan ta zuba, ai ba laifi a kan wanda bai sani ba. Ta jera kofi biyar a faranti ta miƙo mini, ni kuma na karɓa. Har bakin zaure na kai, ina jin Alhaji yana ba da labarin Arfa. Wannan tafiyar da na yi da farantin ta fi duk shan da na yi a Legas ba ni kunya.

Na juyo na dire farantin a gabanta.

"Mairama, wanga abu giya ta."

Ta yi dariya. "Giya hwa? Yaya Waliyyu na yak kawo ta. Hoton inabi ag ga kwalbar."

"Giya ta. Zubar da shi, ki dama musu hura."

Dariyar ta ɗauke. Ta shinshina kofin, ta jujjuya kwalbar. Rubutun ma ba Turanci ba ne. Daga zaure Alhaji ya yi gyaran murya.

Ta ɗago ta dube ni, babu fushi, muryarta ƙasa ƙasa.

"Ni ban gane ba, Yaya bai gane ba. Kai ƙaƙa kag gane, da kurɓa guda?"