Waƙar Inna a Gidan Kulsum

Innata Hajjo zabiya ce, mai waƙar ƙwarya. Da can, in ta ɗaga murya a unguwar New Bell, har bakin kasuwa ake sanin gidan da ake biki. Yanzu a zaune take yi, numfashi ba ya kai ta ƙarshen baiti, sai 'yan amshi su ƙarasa mata. Mantuwa kuma ta fara taɓa ta.

Tun da la crise ta shigo, kuɗi suka yi wuya, kowa ya koma kunna kaset. Gidan Kulsum kaɗai ya rage da ke kiran ta, kuma ba ta da abin da take jira a duniya sai wannan kiran.

Ranar sunan jikan Kulsum na ɗauki Inna a bensikin ɗina, babur ɗin da nake haya da shi. A hanya na ce, "Inna, in kin zo kan Yusufa, ki tsallake."

Yusufa ɗan Kulsum ne. Ya fita wata safiya a shekarar villes mortes, lokacin yajin aiki da tarzoma, gawarsa aka kawo.

"Kai za ka koya min waƙa?" in ji ta. "Kai da ko tari ka yi sai kaji su watse. Duba hanyarka, ga rami."

Maza ba sa shiga inda mata ke kiɗa, sai na tsaya a bayan katangar kwano. Al'adar Inna, takan bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Ta kira maigida. Ta kira Kulsum, aka yi guɗa. Ta kira Hadija, babbar 'ya. Na san wanda ke biye. Na dafa kwanon, yana da zafi, ban cire hannu ba.

"Yusufa na Kulsum, fito ka ga baƙo!"

Muryar ta fita sarai, irin ta da. Ba wanda ya amsa. Ƙwarya ɗaya ta ƙara bugu biyu, ta yi shiru.

Can Tsohuwa, babbar 'yar amshinta, ta fito da ita. Tsohuwa ta matso kusa da ni ta ce, "Ɗan nan, ka bar ta ta huta haka."

Inna ta hau baya, ta gyara mayafi.

"Matan yanzu ba juriya, baiti huɗu sun gaji. Ka ji muryata kuwa yau?"

"Na ji, Inna."

"Yaushe Kulsum ta ce mu dawo?"

Na taka bensikin sau uku kafin ya tashi.