Ƙugiyar Baba

Tun da aka sallamo Baba daga asibiti, mijina bai wuce bakin ƙofar gidanmu ba. Kullum da safe zai zo ya tsaya a jikin bango, gefen mitar wuta, ya kira wayata sau ɗaya ya kashe. In na fito sai ya miƙo mini leda, wani lokaci magani, wani lokaci lemo da ayaba, ya ce, "Ya ya kwana?"

"Da sauƙi."

"Ya ci abinci?"

"Ya ɗan taɓa."

Sai ya gyaɗa kai ya dubi takalminsa. Dogo ake ce masa a wurin aiki, kuma dogon ne, amma in ya tsaya a jikin bangon nan sai in ga kamar an rage masa tsawo.

Umma ce ta hana shi shiga. Ba ta ɗaga murya ba. Ranar da muka dawo da Baba, ta tare ƙofa da jikinta ta ce, "Hannun da ya sauke mini miji ba zai taɓa labulen ɗakina ba." Ni kuma na dawo gida jinya da akwati ɗaya. Babu wanda ya ambaci rabuwa, sai dai Umma ta fara cewa in aika a kwaso mini sauran kayana, wai kullum ina cikin atamfa biyu kamar marar gata. Na san inda maganar ta dosa. In aka ci gaba a haka, wata safiya zan fito in tarar babu kowa a gefen mitar, aurena ya mutu ke nan ba tare da wani ya furta ba.

Baba ma'aikacin gyaran fitilun kan titi ne. Tun kafin a haife ni yake hawa falwaya da ƙafa: ya zagaya bel a jikinta, ya jingina bayansa, ya haye. Abokan aikinsa Ƙadangare suke ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a. Daga baya kamfaninsu ya sayo motar kwando, mai dogon hannu da ke lanƙwashewa, da kwandon ƙarfe a ƙarshensa. Mutum ya tsaya a ciki, ta ɗaga shi har kan fitila. Aka haɗa Baba da sabon direban motar. Baba ne ya fara kawo shi gidanmu cin abinci. Ranar da ya lura muna satar kallon juna, ya ce wa Umma, da ƙarfi don mu ji, "Wannan ba ya magana, waccan ba ta magana. In na haɗa su, gidansu zai yi daɗin barci."

Aikin kwando yana da ƙa'ida ɗaya da Dogo ya fi nanatawa. Duk wanda zai hau, zai sa ɗamarar kariya mai igiya a baya, da ƙugiya a bakin igiyar. Ƙugiyar nan a zoben da aka walda a cikin kwandon ake maƙala ta. Ba a jikin falwaya ba, ba a jikin fitila ba, ba a jikin duk wani abin da ba ya tafiya tare da kwandon ba. Akwai liba a sama da mai aiki ke juya kwandon da ita, akwai wata a ƙasa wajen direba. Dogo ba ya taɓa ta ƙasa sai ya ɗaga kai ya yi kira, "Ƙugiyarka tana ina?" Har samarin wurin suka mai da abin tsokana, in sun gan shi a kantin shayi su ce, "Oga, kofinka yana ina?"

Baba kuwa bai taɓa yarda da kwandon ba. Zai maƙala ƙugiyar a zobe yadda aka ce, amma da ya isa sama sai ya cire ta ya maƙala a hannun fitilar, kamar yadda jikinsa ya saba tun yana saurayi.

Wata rana da yamma Dogo yana cire takalmin aiki ya ce mini, "Don Allah ki yi wa Baba magana a kan ƙugiyar nan."

"Kai da kuke tare wuni guda?"

"Ta yaya zan tsaya a tsakiyar titi, mutane na wucewa, in ɗaga murya in tambayi surukina ko ya ɗaure kansa daidai? Mutumin da ya fara aikin nan ina rarrafe?"

Na je na yi maganar. Na tarar da Baba a tsakar gida ya kwance dutsen gugar Umma yana gyara. Ya saurare ni har na gama, sukudireba a bakinsa. Sannan ya cire ta ya ce, "Uwata, falwaya ba ta taɓa guduwa ta bar ni ba. Wannan kwandon kuwa, iska kaɗan ya fara rawa kamar ɗan maye. Ki ce wa mijinki ya kula da libarsa, ni in kula da wuyana."

Umma ta yi dariya. Ni ma na yi.

Yadda abin ya faru, Dogo ne ya faɗa mini a barandar asibiti, hular kwano tana kansa bai ma san bai cire ba. Baba ya gama canja ƙwan fitila, libar sama ta ƙi motsi. Ya leƙo ya ce, "Dogo, sauke ni!" Daga ƙasa ba a ganin komai sai gindin kwandon. Dogo ya ja liba. Kwandon ya yi ƙasa, igiyar ta miƙe, ta fizgo Baba ta saman bakin kwandon. Ya yi lilo a jikin hannun fitilar. Ba a ƙera hannun don ɗaukar mutum ba. Ya lanƙwashe, ya karye, Baba ya faɗo da bayansa a kan dakalin gefen titi.

Likita ya ce lakar bayansa ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa, sai dai haƙuri.

A asibiti akwai masu ɗaga shi. A gida kuwa maƙwabcinmu mai walda ne yake shigowa da safe ya ɗora shi a keken guragu kafin ya tafi shago. Ranar da nake ba da labari, mai waldan ya yi tafiya. Baba ya tashi da ƙorafin ya gaji da kallon silin, ya haddace duk inda ruwa ya taɓa zuba. Yana son a fitar da shi tsakar gida ya ga rana.

Umma ta ce, "Mu biyu za mu iya. Duk ya rame, nawa ya rage?"

Muka matso da keken jikin gado. Umma ta riƙe shi ta hammata, ni na kama ƙafafun. Ban taɓa sanin ƙafar da ba ta motsi tana da nauyi haka ba. Muka ɗaga. Mun manta ba mu danne birkin keken ba. Da jikinsa ya taɓa kujerar sai keken ya ja da baya, Baba ya sulale daga hannun Umma, ya zauna a ƙasa tsakanin gado da keke, kansa ya bugi ƙafar gadon. Zanen da muka rufa masa ya zame. Na juya fuska kafin Umma ta gyara.

Muka gwada ɗaga shi daga ƙasan. Muka sake gwadawa. Umma tana haki, ɗankwalinta ya faɗi. Ko motsa shi ba mu yi ba.

Wayata ta yi ƙara sau ɗaya a kan tebur, ta yi shiru.

Duk mun ji. Baba ya ce, "Uwata, je ki shigo da shi."

Umma ta ce, "Bari in leƙa titi. Ba za a rasa namiji mai wucewa ba."

"Baƙo za ki kawo ya gan ni a haka?"

"Gara baƙo."

"To ku bar ni a nan. Simintin ma ya fi katifar nan sanyi."

"Malam, kar ka sa ni magana."

"Yi maganar. Tun da muka dawo kike haɗiye ta, har ta fara hana ki cin abinci."

Umma ta tsaya riƙe da hannun keken. Ta ce, "Yana tambayar kowa inda ƙugiyarsa take. Yaran wurin aikinku da suka zo dubiya su suka faɗa mini, da bakinsu. Ba wanda yake saukewa bai tambaya ba. Sai kai. Kai kaɗai ne bai tambaya ba."

Baba ya dube ni ya ce, "Je ki."

Na fita ba takalmi. Dogo yana inda ya saba tsayawa, da leda a hannu. Da ya ga fuskata sai ledar ta kusa faɗuwa.

"Me ya faru?"

"Ya zame mana. Yana ƙasa, mun kasa ɗaga shi. Ya ce ka shigo."

Ya dubi ƙofar, ya dube ni. "Umma fa?"

"Tana ciki."

"Ta yarda?"

"Ba ta yarda ba."

Ya goge tafin hannunsa a jikin wando. Ya ce, a hankali, "Ba zan iya ba. In ya sake kuɓuce mini fa?"

Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma a zamanmu ban taɓa ba shi umarni ba. Na ce, "Ubana yana zaune a kan siminti. In ba ka shigo yau ba, ban san ranar da za ka shigo ba."

Ya ajiye ledar a kan mitar. Ya cire takalminsa tun daga bakin ƙofa, ya taka tsakar gidan da safa. A ƙofar ɗaki ya yi sallama, muryar ba ta fita ba, ya sake. Umma ta juya ta fuskanci taga.

Baba ya ɗago kai daga ƙasa ya dube shi tun daga ƙafa har sama. "Kai, tsawon banza. Tsayawa za ka yi kana kallona? Ko sai na cika maka takarda?"

Dogo ya durƙusa a gabansa. Bai miƙa hannu ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Baba, da na tambaye ka."

"Da ka tambaye ni da na zage ka. A gaban kowa. Da na ce yaushe aka haife ka."

"Da ka zage ni, da yanzu kana tafiya da ƙafarka."

Na jira Baba ya ce ba haka ba ne, ƙaddara ce, kamar yadda yake faɗa wa duk mai zuwa dubiya. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa da suka baje a kan siminti, ɗaya ta karkace yadda ƙafar mai lafiya ba ta karkacewa.

Ya ce, "Haka ne."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Dogo, irin wanda ban taɓa ji daga gare shi ba.

Baba ya ce, "Ni na maƙala, kai ka ja. Mu biyu muka yi aikin nan, kamar kullum. Yanzu ɗaga ni, bayana ya fara ciwo. Sashen da ya rage yana ji."

Dogo ya share fuska da hannun riga. Ya jawo keken, ya danne birkin dama, ya danne na hagu, ya girgiza shi ya ga ba ya motsi. Ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin gwiwoyin Baba, ɗaya a bayansa. Ya miƙe da shi cak, kamar yaron da barci ya ɗauke a falo. Na ga mamaki a fuskarsa, bai zaci rashin nauyin ya kai haka ba. Baba ma ya ga mamakin. Ya rufe ido.

Da ya zaunar da shi, Baba bai saki wuyan rigarsa ba. Dogo ya tsaya a sunkuye, bai yi ƙoƙarin zamewa ba. Hawaye yana bin gefen hancin Baba yana shiga gemunsa. Ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da likita ya faɗa masa.

Umma ta ɗauki ɗankwalinta daga ƙasa, ta raɓa ta gefensu ta fita.

Na same ta a kicin tana wanke tukunyar da na riga na wanke. Na tsaya a bakin ƙofa. Ta tagar kicin ana hango tsakar gida. Dogo ya turo keken zuwa inda rana ta faɗo, yana gyara wa Baba ƙafafu a kan matakin keken, ɗaya bayan ɗaya.

Ba ta juyo ba ta ce, "Ki haɗa akwatinki. Ki koma ɗakinki yau."

"Umma, jinyar fa?"

"Ki riƙa zuwa da rana. Shi kuma ya zo da safe kafin aiki, ya yi masa wanka. Mai waldan nan kunya ce kawai ta hana shi cewa ya gaji." Ta zuba ruwa a tukunyar, ta zubar. "Amma ki gaya masa ya riƙa kiran wayarki daga waje kamar yadda ya saba. In na ji, zan shiga maƙwabta. In ya tafi ki aiko a kira ni."

"Har yaushe, Umma?"

Ta kife tukunyar a kan kanta. Ta daɗe tana share hannu da gefen zane.

"Ban sani ba," ta ce. "Kar ki tambaye ni."